Langar Ranar Lahadi

Duk ranar Lahadi, da an taso daga coci, Edline Altidor ba ta zama. Takan cire takalmanta masu tsini a bakin ƙofa, ta ɗaura tsumman girki a kan rigar adonta, ta faɗa kicin. Mu 'yan Haiti na unguwar Madan Jonel muke kiranta, da sunan mijinta, yadda ake kiran kowace matar aure a gida. Turawan garin ne kawai ke ce mata Edline, shi ɗin ma ba su iya faɗarsa daidai ba.

Abincin Lahadi ba ya canzawa a gidanta: shinkafa da jan wake, soyayyen naman akuya, soyayyar agade, da yajin kabeji da attaruhu da ya kwana biyu a ruwan tsami. Naman tun ranar Asabar take gyara shi. Ta goge shi da lemun tsami da gishiri, ta kwara masa tafasasshen ruwa, ta sake wankewa, sannan ta cuɗe shi da kayan ƙamshi ya kwana. Haka uwarta ta koya mata a garin Gonaives, can Haiti, kuma ba ta ga dalilin canzawa don kawai ta zo jihar Ohio ta Amurka ba.

Kafin ta zuba wa mijinta, kafin ma ta ɗanɗana, sai ta ɗauko farar langar nan mai shuɗin baki ta cika ta, ta rufe, ta ɗaure da tawul mai tsabta, ta tsallaka ciyawar da ke tsakanin gidansu da na maƙwabcinsu, Mista Vernon Haskell.

Langar ta uwarta ce. Ta bi Edline zuwa ƙasar Chile inda suka yi shekara huɗu, ta bi ta cikin dajin nan da masu neman shiga Amurka ke ketawa a ƙafa, inda mutane ke zubar da kayan sawarsu don rage nauyi. Jonel ya yi faɗa har ya gaji, ya ce mutane na jefar da takalma ita tana goyon kwano. Ba ta jefar ba. Murfin ya lotsa a gefe guda, fentin gindin ya ɓare, amma langa tana nan, kuma ba ta zuba wa kowa abinci a cikinta sai wanda ta ɗauka nata.

Vernon tsoho ne ɗan shekara saba'in da uku, matarsa ta rasu 'yan watanni kafin su Edline su tare a gidan kusa da shi. Ranar da ta fara lura da shi, yana tsaye a baranda yana cin wake mai sanyi daga cikin gwangwani, da cokalin shayi. Abin ya tsaya mata a rai. A wurinmu dafaffen abinci ba shi da mai shi, kuma maƙwabci dangi ne ko ba ka so. Lahadin da ta biyo baya ta kai masa langa. Tsohon ya rasa yadda zai yi, har hannu ya sa a aljihu, ta harare shi ya mayar. Da ya ɗanɗana yajin kabejin sai da hawaye suka zubo masa, amma mako na gaba shi ya ce a ƙara.

Karon farko ya dawo mata da langar a wanke tas, babu komai a ciki. Sai da ta zaunar da shi, da ɗan guntun Turancinta na lokacin, ta fahimtar da shi cewa ba a mayar wa mutum kwano wayam. Ko ƙwayar gyaɗa ce sai ka jefa, don mayar da shi wayam kamar ka ce zumunci ya ƙare ne. Ya ɗauki darasin kuwa. In lokacin zafi ne ya cika ta da tumatirin lambunsa, in sanyi ya shigo ya zuba tuffa ko alewa. Tun daga nan ta daina ce masa Mista, ta koma ce masa Baba Vernon.

Naman akuya kuma ba a samunsa a manyan kantunan garin. Saboda haka duk Asabar ta farkon wata Baba Vernon ne ke tayar da tsohuwar a-kori-kurarsa, ya ɗauke ta su tafi gonar wani makiyayi, tafiyar minti arba'in. Shi ke tsayawa a bakin garke yana nuna mata wadda ta fi ƙiba, ita tana ce masa bai san akuya ba, ƙiba ba ita ce daɗi ba. Shi ke ɗaukar kular naman ya ɗora a bayan mota. A hanya yana gyara mata Turanci, tana koya masa gaisuwar gida yana kwaɓawa suna dariya. Shekara biyu ana haka. Har kyanwarsa, wata ja mai ƙiba da yake kira Biskit, ta san Lahadi. Da ƙamshi ya tashi sai ta tsallako shinge ta zauna a ƙofar baya, Edline ta wanke mata guntayen nama daga yaji ta ba ta.

Aikin Edline a kicin ɗin wata makarantar firamare yake. Ƙarfe shida take shiga, ta sa hular raga, ta dafa, ta zuba wa yara a tire. Tana son aikin fiye da yadda take nunawa. Ta san yaron da bai karya kumallo a gida ba, ta san yadda ake karkata cokali a ƙara masa ba tare da kowa ya gani ba. Sau ɗaya aka taɓa yi mata faɗa, a satinta na farko, ranar da shugabar kicin, Misis Trudy, ta same ta tana wanke kaji da lemun tsami. Aka ce doka ta hana wanke kaza, daga leda sai wuta. Ta bi doka, amma ta dawo gida tana gaya wa Jonel cewa ita kam ta ga ikon Allah, ƙasa ce da ake hana mutum tsabta.

Mutanen nan ne, masu cire nama daga leda su jefa a wuta, suka wayi gari a watan Satumba suna kiranmu ƙazamai.

Lokacin zaɓe ne, kuma in zaɓe ya matso ana neman wanda za a ɗora wa laifin tsadar haya da cunkoson asibiti. Maganar ta fara ne a wayoyi. Wata ta rubuta cewa ƙawar 'yar maƙwabciyarta ta ce an ga 'yan Haiti sun kama kyanwa sun yanka. Ba wanda ya ga ƙawar, ba wanda ya ga kyanwar. 'Yan sanda suka ce ba su da rahoton komai. Amma kafin sati ya zagayo wani babban ɗan takara ya tsaya a talabijin, a muhawarar da duk ƙasa ke kallo, ya ce muna cinye kyanwoyi da karnukan mutane. Jonel da ya ji sai ya fashe da dariya, ya ce ai wannan ko yaro ba zai yarda ba. Edline ba ta yi dariya ba. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to wanda ya faɗi haka bai zauna a garinmu ba a wannan watan.

Motoci suka riƙa rage gudu a layinmu ana leƙo kai ana kukan kyanwa. Aka yi ta bugo wayoyin barazana har aka sallami yara daga makaranta kwana biyu. Da aka koma, wasu yaran da ta shekara biyu tana ciyarwa suka riƙa yi mata miyau-miyau a layin abinci, suna kallon juna suna ƙunshe dariya. Ta haɗiye, ta ce yara ne, abin da suka ji a gida suke maimaitawa. Lahadin nan ma ta kai wa Baba Vernon langarsa kamar kullum. Ya karɓa a bakin ƙofa, bai ce ta shigo ba, ya ce yana jin mura.

Duk ranar Talata da yamma majalisar gari na zama, kuma duk mai magana ana ba shi minti uku a gaban makirufo. A watan nan zauren cika yake maƙil. Cikin masu neman kujera a majalisar akwai wani Kurt Dallman, mai sana'ar rufin gidaje, mijin 'yar Baba Vernon ɗaya tilo. Shi bai da abin faɗa a kan hanyoyi ko ruwan famfo, sai ya samu abin hawa a kanmu.

Ranar Laraba da safe Edline na yanka karas, wata abokiyar aikinta ta miƙo mata waya. Bidiyo ne na zaman jiya. Abin da ta fara ganewa ba fuskar mutumin ba ce, murfin ne, da lotsawar nan ta gefe guda. Baba Vernon ne tsaye a gaban makirufo, sanye da rigar da yake sawa zuwa jana'iza, riƙe da langar uwarta. Surukinsa na zaune a bayansa yana gyaɗa kai.

"Shekara biyu ke nan maƙwabciyata 'yar Haiti tana kawo mini nama a cikin wannan kwanon," in ji shi. "Tana aiki a kicin ɗin makarantar yaranku. Ni ban ce komai ba fa. Amma kwanakin nan ina kwana ina tambayar kaina, naman mene ne na ci?"

Zauren ya ɗauki dariya da tafi. Tsohon ya ɗan yi murmushi, irin na wanda ya daɗe ba a tafa masa ba, ya ƙara da cewa yanzu kulle kyanwarsa yake yi a ɗaki. Mutum dubu ɗari huɗu sun riga sun kalla kafin Edline ta ajiye wuƙar hannunta.

Ba a yi awa ɗaya ba Misis Trudy ta kira ta ofis. Ba muguwar mace ba ce, irin mutanen nan ne da ke ba ka haƙuri suna zare maka kujera. Ta ce iyaye sun fi talatin da suka bugo tun safe, wasu sun ce 'ya'yansu ba za su ci abincin makaranta ba muddin hannun Edline na taɓa shi. Ta ce ita ta san ƙarya ce, kowa a kicin ya sani. Amma daga yau Edline ba za ta taɓa tukunya ko cokali ba, sai dai goge tebura bayan yara sun fita, kuma ranar Laraba mai zuwa hukumar makaranta za ta yanke ko za a ci gaba da ita. Edline ta ce akwai makiyayin da suke sayen akuya a wurinsa, a tambaye shi. Trudy ta girgiza kai, ta ce iyayen ba daga bakin makiyayi suka ji ba, daga bakin tsohon suka ji. In shi ya koma inda ya faɗa ya janye, tana da abin da za ta nuna wa hukuma. In bai janye ba, hannunta a ɗaure yake.

Duk da haka Edline ta buga wa makiyayin. Ya ce shi mutane da yawa yake sayar wa akuya, kuma ba ya shiga siyasa.

Da ta dawo gida ba ta ko cire jaka ba ta tsallaka ciyawar. An kafa wani babban allo mai sunan Kurt a gaban gidan. Ta ƙwanƙwasa sau uku. Tana jin talabijin na magana a ciki, sai ta ji an rage sautin, amma ba a buɗe ba. Ta koma washegari, haka. Ta koma ranar Juma'a, haka.

Jonel, wanda ke aiki a masana'antar ƙera kayan mota kuma ya ƙi jinin tashin hankali, ya ce ta bar maganar. Fasto ya ce kowa ya kama bakinsa ya zauna a gida har guguwar ta wuce. Baƙo raɓa ne, in ji Jonel, in nan ya ƙi su akwai ɗan'uwansa a jihar Indiana. Ya ce ai laifin na babban ne da ya faɗa a talabijin, tsohon nan ɗan amshin shata ne kawai. Nan ne Edline ta juyo masa da idanu jajur. Ta ce na talabijin bai san ta ba, bai taɓa cin gishirinta ba, ƙarya sana'arsa ce, da ita yake ci. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wanda ya zaɓi akuyar da yatsansa, ya ɗauki kular a kafaɗarsa, ya siɗe hannu ya ce a ƙara yaji, shi ne ya tsaya gaban gari yana tambayar naman mene ne. Halin kaza ke nan, ci ka goge baki. Kuma ba za ta je Indiana ba, ta gaji da ɗaukar kwanonta tana gudu.

Ranar Asabar da safe ta buɗe ƙofar baya za ta zubar da shara, sai ga langar a kan dakali. An wanke ta tas, an cika ta da tumatir, manya jajaye, waɗanda ya fi ji da su a lambun. Ta tsaya tana kallo. Bai manta darasin ba, bai mayar da ita wayam ba. Amma shekara biyu ta ƙofar gaba yake kawowa, ya ƙwanƙwasa, su tsaya su yi hira. Yau ta baya ya lallaɓo ya ajiye, inda ba mai ganinsa daga titi. Wannan ya fi mata ciwo a kan bidiyon.

Ta hango shi ta saman shinge yana ba wa shukokinsa ruwa. Ba ta ba shi damar shigewa ba.

"Baba Vernon, ina kwana. Murar ta yi sauƙi?"

Ya juyo, ruwan na zuba a kan takalminsa. Ya fara kame-kame. Wasa ne kawai, in ji shi, Kurt ne ya rubuta masa a takarda, ya ce mutane na son a ɗan yi dariya. Bai san za a ɗauka a waya ba. Kuma in ta saurara da kyau ai bai ce ta yi komai ba, tambaya kawai ya yi.

"Tambayar da ka san amsarta? Wa ke tuƙa motar in za mu gona, ni ko kai?"

Ta gaya masa abin da Trudy ta ce, da ranar Laraba. Ta ce ba ta neman ya zagi surukinsa, ba ta neman ya ba ta haƙuri ma. Ranar Talata ya tsaya inda ya tsaya, ya faɗi magana ɗaya, cewa naman akuya ne kuma shi ke kai ta sayowa. Ko rabin minti ba zai ci ba.

Tsohon ya kashe famfon. Ya ce ba ta san Kurt ba. Saura sati shida zaɓe, in ya kunyata shi a bainar jama'a ba zai ƙara barin jikokinsa su tako gidan nan ba. Shekara biyu sau huɗu kacal aka kawo masa su, amma tun ranar Talata sun zo sau biyu. Da yake faɗar haka, Edline ta ji tausayinsa ya taso mata, ta kuma ji haushin kanta da ta ji. Ita ce ta ciyar da shi duk Lahadin da jikokin ba su zo ba.

"Zan zo taron," in ji shi daga ƙarshe, idonsa a ƙasa.

Ta riƙe wannan kalmar kwana uku. Ta goge tebura ranar Litinin da Talata, tana jin ƙamshin abincin da aka hana ta taɓawa, tana maimaita a ranta abin da za ta faɗa da Turancin da shi ya gyara mata a hanyar gona.

Ranar Talata ƙarfe shida ta sa rigar cocinta da takalma masu tsini, ta ɗauki langar da tumatirinta a ciki, ta tafi. Jonel ya bi ta ba don yana so ba. 'Yan Haiti biyar ne kawai a zauren, duk a layin baya. Baba Vernon ya zo kamar yadda ya ce, yana layi na biyu kusa da Kurt, da wata 'yar jikarsa a kan cinya. Sai da mutum goma sha ɗaya suka yi magana kafin a kira sunanta, kuma takwas daga ciki a kanmu suka yi. Wata ta ce ita ba ta gani da idonta ba, amma ruwa ba ya tsami banza.

Da Edline ta isa gaban makirufo aka kunna agogon minti uku. Ta ɗaga langar sama, zauren ya ɗauki ƙus-ƙus, don kowa ya gane ta. Ta faɗi sunanta da inda take aiki. Ta ce wannan kwanon na uwarta ne. Ta gaya musu yadda take wanke nama, mataki-mataki, da lemun tsami da gishiri da tafasasshen ruwa, wasu suka yi dariya, ba ta kula su ba. Ta ce ba ta zo roƙon kowa ya so ta ba, ta zo da tambaya ɗaya ce ga mutum ɗaya. Ta juya ta fuskance shi.

"Mista Haskell, duk Asabar ta farkon wata, shekara biyu, wa ke kai ni gona a mota in sayo akuya?"

Shugaban zaman ya ce doka ba ta yarda mai magana ya tambayi 'yan kallo ba. Amma duk an juya ana kallon tsohon, wayoyi a sama. Ya buɗe baki. Kurt kuwa hannu kawai ya miƙa ya gyara wa yarinyar ribbon ɗin gashinta. Baba Vernon ya dubi jikarsa, ya dubi ƙasa.

"Ni tsoho ne," in ji shi. "Ba na tuna abubuwa sosai yanzu."

Wani daga baya ya yi kukan kyanwa, aka kwashe da dariya.

Saura mata daƙiƙa arba'in. Ta shirya maganganu da yawa, amma duk ta ga ba su da amfani. Ta buɗe murfin, ta taka har layi na biyu, ta riƙa ɗauko tumatirin ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a ƙasa a gaban takalmansa. Guda tara ne. Ta ce masa, a hankali yadda makirufo bai ɗauka ba, abin da aka ɓata a gaban gari ba a gyara shi ta ƙofar baya. Ta rufe langarta wayam, ta rungume ta, ta fita agogo na ƙara.

Ranar Laraba Misis Trudy ta miƙa mata takarda a ambulan, idonta ya yi ja. An rubuta cewa saboda kwanciyar hankalin ɗalibai da iyaye, an dakatar da aikinta. Babu kalmar kyanwa ko ɗaya a ciki, masu rubuta irin wannan takarda sun fi ƙarfin haka. Edline ta cire hular raga ta ninke ta, ta ajiye a kan tebur. Da za ta fita ta gaya wa Trudy sunayen yara uku da ba sa karyawa a gida, ta ce a riƙa karkata musu cokali.

Ba ta yi kuka ba ranar, ba ta yi washegari ba. Fushi ne ya cika ta har ba wurin hawaye.

Lahadi ta zo. Ta je coci, ta dawo, ta cire takalma, ta ɗaura tsumman girki. Akwai sauran naman watan jiya a firiji, ta gyara shi tun Asabar yadda ta saba. Sai da shinkafa ta nuna ta buɗe tukunya ta ga ta yi wa mutum biyu yawa. Hannunta ne ya auna gwangwani uku, kamar kullum, bai tambaye ta ba. Ta tsaya riƙe da ludayi tana zagin hannun nan a ranta, hannun da bai da zuciya.

Sai ta ji motsi a ƙofar baya. Biskit ce zaune a kan dakali, ta naɗe wutsiya, tana jira. Ashe ma ƙarya ce, bai taɓa kulle ta ba.

Jonel ya miƙe da sauri ya ja labule. Ya ce ta kore ta, ta watsa mata ruwa, yanzu in wani ya ɗauki hotonta da kyanwar nan a gidansu sun shiga uku. Edline ta dube shi, ta dubi labulen. Mutumin da ya keta daji da ƙafarsa, yau kyanwar maƙwabci ce ta sa shi jan labule da rana tsaka.

Ta ɗauko langar. Ta zaɓi naman da ya fi laushi, rabon da ta saba zuba wa tsohon, ta wanke shi daga yaji a ƙarƙashin famfo, ta yayyanka ƙanana ta zuba. Ta buɗe ƙofar baya ta kira kyanwar, ta ratsa da ita ta tsakiyar falo, ta buɗe ƙofar gaba. Titi cike yake da masu dawowa daga coci. A barandar gidan kusa Baba Vernon na zaune shi kaɗai, motar Kurt ba ta zo ba, da gwangwani a hannunsa da cokalin shayi.

Ta ajiye langar a kan matakala ta sama, inda kowa zai gani, ta zauna kusa da ita a cikin rigar cocinta. Biskit ta sa kai ta fara ci. Wata mota ta rage gudu, aka zuge gilashi, aka ɗaga waya. Edline ba ta motsa ba. Ta shafa bayan kyanwar, ta yi magana da Turanci, da ƙarfi yadda zai kai baranda ta kusa.

"Ci abinki. A gidanku ke kaɗai ce kika tuna naman akuya ne."

Tsohon ya ajiye cokalin a cikin gwangwanin, ya tashi a hankali ya shige ciki. Kyanwar ba ta ɗago ba sai da ta lashe langar tas.